Ranar da Hajiya ta yi gasar guɗa da kanta

Shekarun baya ina cikin wata ƙungiyar kiɗa da abokina ya kafa a zauren gidansu a Badarawa. Mu uku ne: shi, da wani mai jita, sai ni da aka ce ina danna fiyano, ko da yake na fi ƙwarewa a naɗe wayoyi. Abokina yawo yake da rakoda yana ɗaukar ƙarar injin markaɗe da bugun maƙera da kukan janareta, ya zuba su a kwamfuta ya yi ta juyawa har su zama kiɗa. Mahaifiyarsa ta taɓa leƙowa ta tambaye mu ko wani abu ne ya lalace.

Babu mai gayyatarmu ko'ina. Kawunsa kuma ya matsa masa ya koma shagonsa na kayan gini, har abokina ya yi alkawarin in wasanmu na farko a gaban jama'a bai karɓu ba, zai sayar da kayan kiɗan ya bi shi. Ana haka aka kira mu yinin biki a Kurmin Mashi, gidan ƙawar mahaifiyarsa, don mai kiɗan da suka ɗauka ya saɓa musu.

Bayan la'asar mata suka cika tsakar gida, an ci ado, kowa na jira a kira sunanta a wasa ta, ta taso ta taka. Shi kuwa gogan naku sai ya sa waƙar da ya fi so, wadda ke farawa da ɗigar famfo a bokiti. Ba ganga, ba kirari. Babu wadda ta taso. Can wata ta ce, "Samari, gwaji kuke yi ko an fara?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na kuma fara hango abokina yana loda siminti.

Sai aka fito da amarya. Kakarta ba ta jira kiɗanmu ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa daf da makirufo. Nan take abokina ya ɗauki muryar, ya maido ta ta lasifika a kan bugun maƙera, tana ta maimaituwa.

Tsohuwa ta waiga. "Wace 'yar nema ce take kwaikwayona?"

"Hajiya, ai ke ce," in ji shi.

"Ni? To ai ban gama ba."

Ta sake wata wadda ta fi tsawo, na'ura ta amsa, ta ƙara. Mata suka tuntsire da dariya suka kama tafi, tafin ma ya ɗauka ya haɗa. Kafin ka ce kwabo fili ya cika. Da aka tashi ya je ya durƙusa ya roƙe ta izinin riƙe muryar. Ta ce, "Riƙe, ɗan nan. Amma ka goge ta farkon, ban shirya ba."

Bai je shagon ba. Daga ranar muka daina yi wa mutane kiɗa su zauna suna kallonmu, muka koma yin sa tare da su, kuma gayyata ta fara zuwa har daga Abuja da Legas. Ni daga baya na kama aikin gwamnati, su suka ci gaba. Har yau in na ji ana yabonsu daɗi nake ji, kamar da fiyanona aka kai nan.

Bara aka aurar da autar wancan gida na Kurmin Mashi, Hajiya mai guɗa kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Uwar amarya ta aika wa abokina, na raka shi na riƙe wayoyi. Da aka fito da amarya babu macen da ta yi guɗa, duk shi suke kallo. Ya danna, kakarta ta yi mata guɗa ta lasifika, sannan sauran suka amsa suna share hawaye.