Ɗanbaba da Iskar Barci

Ɗanbaba manomi ne daga ƙasar Maradun, dogo, mai kaifin harshe. Gonar gadonsa tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori, kuma tun ranar da ruwa ya cinye ta bai ƙara yarda da duk wani mai albashin gwamnati ba. Malamin gona, mai awon fili, ma'aikacin asibiti, duk ɗaya ya ɗauke su.

A shekarar da manoma suka tare hanyoyin dam aka yi ƙazamin rikici da 'yan sanda, ƙanensa Falalu yana cikin waɗanda suka tsaya a gaba. Da aka shiga neman su, Ɗanbaba ya ɓoye shi a gidan wata gwaggonsu a wani ƙauye kusa da Bakura. Daga shi sai matarsa Altine suka san wurin.

Yana da gwaiwa da ya daɗe yana fama da ita. Wata safiya hanji ya sauka ya maƙale, ya ƙi komawa, ga amai. Aka ɗauko shi a bayan motar albasa zuwa asibiti a Talata Mafara. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki yau, in ba haka ba hanjin zai ruɓe.

Ba wuƙar ce ta tayar wa Ɗanbaba da hankali ba. A lokacin, abin da ake sa mutum barci da shi wani ruwa ne mai wari da ake kira eta, wanda ke zama iska da zarar an buɗe kwalba. Ana shaƙa wa mutum ita har jikinsa ya saki, ya daina jin zafi. Amma kafin barcin ya yi nauyi, wasu sukan yi ta fizge-fizge da sambatu, kuma labarin haka ya karaɗe ƙauyuka: wai iskar asibiti tana kwance bakin mutum. Mai ba da iskar kuwa Tukur ne, wanda ya koyo aikin a Kaduna. Mahaifinsa shi ne Gajere, mutumin da ya riƙa raka masu awo yana nuna musu iyakokin gonaki.

"Baba, ka ci wani abu tun safe?" in ji Tukur.

"Ina ruwanka da cikina, ɗan Gajere? Ubanka ya auna gonata, kai kuma za ka auna bakina."

"In da abinci a ciki, zai iya tasowa ya shaƙe ka kana barci. Shi ya sa na tambaya."

"A yanke ni ido biyu."

Likita ya ce ba zai yiwu ba, domin in naman ciki bai saki ba, ba zai iya kaiwa ga hanjin ba. Ɗanbaba ya yi ta taurin kai har azahar, sannan ciwo ya fi ƙarfinsa. Ya ce da Altine ta tsaya bakin ƙofa ta kasa kunne. Da aka kifa masa abin shaƙa a fuska, ya datse haƙora ya riƙe numfashi. Tukur ya jira. Da ƙirji ya gaza, Ɗanbaba ya ja iska da ƙarfi, warin ya cika masa kai, ya ji muryarsa tana fita daga nesa, bai san me take faɗa ba.

Ya farka da la'asar, yana tashin zuciya, bakinsa cike da yawu mai ɗaci. Aiki ya yi kyau. Da ya ga Tukur tsaye a kansa yana taɓa jijiyar hannunsa, ya fizge hannun.

"Mi nic ce?"

"Ka zagi mahaifina, ka zagi likita, ka kira shanu."

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Baba. Ko da ka faɗi wani abu, abin da aka ji a ɗakin can ba ya fita."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya masa a rai. Ya tambayi Altine, ta ce ta ji ihu, amma ƙofa a rufe take, ba ta fahimci komai ba. Washegari ya ga Tukur ta taga yana gaisawa da wani ɗan sanda da ya kawo matarsa awon ciki. Bai ƙara jira ba. Ya tura Altine Bakura da saƙo: Falalu ya bar ƙasar yau, ya tsallaka Maraɗi, kada ya waiwayo.

Babu wanda ya taɓa zuwa gidan gwaggon neman kowa. Ƙura ta lafa, waɗanda suka ɓuya suka koma gidajensu suka kama noman rani. Falalu kuwa ya wuce Maraɗi, aka ce an gan shi a Agadas, daga nan labarinsa ya yanke.

Ɗanbaba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana noman albasa a ɗan filin da aka ba shi a bakin magudanar ruwa. Ya aurar da 'ya'yan Falalu da hannunsa. Bai ƙara taka asibiti ba, kuma in suka haɗu da Tukur a kasuwar Talata, sai ya tofar da yawu ya juya kai. Altine ta taɓa ce masa, "Malam, ai ba wanda ya zo. Mutumin nan bai faɗa wa kowa ba."

"Don sun iske ba kowa ne," in ji shi.

"To wa ya ce maka sun je?"

Ya tashi ya ɗauki fartanya. A cikin ciwonsa na ƙarshe 'ya'yansa suka so su kai shi Talata Mafara, ya ce in dai ɗan Gajere yana can, a bar shi a ɗakinsa. Aka ce masa ai Tukur ya daɗe da yin ritaya. Ya ce duk da haka. A ɗakin ya rasu, yana tambaya ko an ji wani abu daga Agadas.