Kawu da Tantanin Idon Ɗan Saba'in

Kawuna mai gyaran agogo ba ya yarda da kowa. Shekara talatin yana zaune a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, ko batir ya saya sai ya gwada sau biyu a gaban mai sayarwa. Da idonsa na dama ya fara dishi-dishi, cewa ya yi mai tabarau ne ya cuce shi.

A asibiti likita ta ce siririn tantanin da ke saman baƙin idon ne ya lalace, sai an dasa masa na wani da ya rasu ya bar wasiyya. Ni na raka shi ranar da aka kira cewa an samu.

"Shekarar mai shi nawa?" in ji Kawu.

"Saba'in da ɗaya, Baba."

"Ya girme ni da takwas! Na matasan fa, wa kuke ɓoye wa?"

Likita ta yi murmushi. "Ba shekaru kaɗai muke dubawa ba. Mun ƙirga ƙwayoyin da ke cikinsa a na'ura, suna da yawa, kuma lafiyayyu ne. Ga mai shekarunka, zai yi."

"Nuna min."

Ta juyo masa da kwamfuta. Ya zaro gilashin aikinsa ya maƙala a ido mai lafiya, ya daɗe yana leƙen wani hoto mai kama da saƙar zuma. Sannan ya raɗa min, "'Yata, kin ji yadda take amsawa da sauri? Ta saba."

Likita ta ce tantanin ba ya jira, in ba ya so akwai wani a layi. Nan take Kawu ya gyara zama. "Au, wani ma na so? To, ba ni takardar."

Bayan aikin, wata huɗu yana gani garara-garara, kullum yana ce min ai dama ya faɗa. Amma bai taɓa tsallake maganin ɗigawa ba, don kada a ce laifinsa ne. A wata na tara ya karanta har layin ƙasa mai ƙananan haruffa na allon gwajin ido.

"Yanzu ka gamsu, Baba?" likita ta tambaya.

"Sai mun ga bayan shekara goma."

An yi shida yanzu. Ya koma karɓar ƙananan agogunan mata da ya daina taɓawa, har layi ake yi a ƙofar shagon.