Gaisuwar da ta gusar da ƙarfe

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ma yakan yi ɗumi kafin azahar. Shekarar ta zo mana da nauyi, kullum muna kan hanya tsakanin gida da asibitin ƙashi.

'Yata ta biyu, mai shekara goma sha ɗaya, ta daɗe tana ɗingishi. Mun kai ta wajen mai ɗori a Gwammaja, ya taɓa ƙafar ya ce shi bai ga karaya ba. Sai a asibiti likita ya ɗaga hoto ya nuna mini kan ƙashin cinyarta, inda yake shiga ƙugu. Ya ce jini ya daina kaiwa wurin, ƙashin ya mutu, yana marmashewa. Ban taɓa jin wani ɓangare na mai rai ya riga shi mutuwa ba.

Aka yi aiki. Suka yanka ƙashin, suka juya shi, suka ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Ranar sallama likita ya maimaita mini: kada ta taka ƙafar, kada ta tsuguna, har sai ya ce. In ƙarfen ya gusa, ƙafar ba za ta koma daidai ba.

Na kiyaye. Na sa kafinta ya yi mata kujera mai rami saboda banɗaki. Salla a zaune take yi.

Ranar wata Juma'a kakanta, mahaifin maigidana, ya zo dubiya daga Madabo. Tsoho ne mai barkwanci, tun tana goye yake kiranta amaryarsa. Ina madafi ina dama masa fura, ita kuma ta fito tsakar gida tana dogara sandunan da aka ba ta a asibiti, ta gaishe shi a tsaye.

Na ji ya ce, "A'a, amarya! An sa miki ƙarfen Turawa, kin fi ƙarfin durƙusa wa mijinki? To na sake ki."

Dariya yake yi. Ita ma na ji dariyarta. Sai ƙarar sanduna a kan siminti.

Da na fito tana durƙushe a gabansa, ta dafa ƙasa, ta kasa tashi. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Umma, wani abu ya motsa."

Adaidaita ba ya shiga lungunmu. A bayana na goya ta har bakin titi, tsohon yana biye da mu da sandunanta a hannu, yana ta salati.

Aka sake hoto. Likita ya daɗe yana kallo, bai yi faɗa ba. Ya ce ƙarfen ya gusa, sai an sake buɗewa, kuma ko an yi, wannan ƙafar za ta fi ɗayar gajarta. Suka ba ta gado.

Washegari na dama kunu na tafi asibitin. A ƙofar ɗakin yara na tarar da tsohon a kan benci, da kayan jiya a jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ta tambaye ni?" in ji shi.

Na ce, "Baba, likita ya hana dubiya tukuna."

Likita bai faɗi haka ba. Na shige da kununa, na jawo ƙofar.