Watanda a Gubaira

A unguwar Gubaira na fara zama da na iso Riyad, jim kaɗan bayan yaƙin Kuwaiti. Gidan da na sauka tsohon gida ne a wani lungu bayan garejojin masu walda, ɗakuna a kewaye, tsakar gida ta siminti a tsakiya. Dukanmu 'yan Najeriya ne, maza zalla, kowa ya baro iyali a gida: direbobi, teloli da masu aikin gini. Ni direba ne. Kafilina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki kuma fasfona ke hannunsa, a unguwar Suwaidi yake. Kullum da sassafe in je in kai 'ya'yansa makaranta, in kai matarsa unguwa, sai yamma in dawo.

Babbanmu a gidan wani dattijo ne tela, mutumin Kano, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar. Alhaji muke ce masa. Shi ke jan mu salla, shi ke raba faɗa, shi ke yanke ranar watanda.

Watandar nan ita ce abin da muke ɗokin zuwansa. Duk wata kazar kanti muke ci, daskararriya, wadda ko an dafa ta ba ta da ɗanɗano sai na magi. Idan aka yi albashi sai mu haɗa, ranar Juma'a da safe a ɗauko tunkiya a bayan a-kori-kura daga kasuwar dabbobi, irin ƙananan nan na Somaliya masu baƙin kai, don su ne daidai ƙarfinmu. Hukuma ba ta son yanka a gida, sai mu tura ƙofa mu yi abinmu a bakin magudanar ruwa.

Da na zo, wani Basudane suke kira yana yi musu fiɗa. Sau ɗaya na tsaya na kalle shi. Da gatari yake bin dabba ko'ina, ƙashi ya farfashe ya shige cikin tsoka, fata ta tafi da rabin kitse. Wata na gaba na ce da Alhaji ya bar ni in gwada. Tun daga ranar ba a sake kiran kowa ba.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Sai na ba dabba ruwa tukuna, in shafa wuyanta, wuƙar tana bayana. Bayan yanka in tsaga ƙafar baya in hura, in bubbuga har fata ta saki, in bi da dunƙulen hannu maimakon wuƙa. In cire matsarmama ba tare da ta ɗiga a hanta ba. Gaɓa kuwa ba na sara, nemanta nake da bakin wuƙa har ta buɗe da kanta. Idan na kasa nama, kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da ɗan yankin hanta, ba mai cewa an cuce shi. Sarkin Fawa suke ce mini. Idan wani ya sami labarin haihuwa daga gida, ko rasuwa, ni ke yanka ragon suna ko na sadaka. Matan 'yan ƙasarmu da ke zaune da mazajensu a unguwar Nasim har aiko mini suke in je in gyara musu dabba.

Kowa a gidan ya san ba a Musulunci aka haife ni ba. Ina saurayi na musulunta, a Zariya, wajen maigidan da ya koya mini tuƙi. Alhaji kan yi alfahari da ni gaban baƙi, ya ce ga wanda ya shigo da ƙafarsa ya fi mu da muka tarar. Abin da ba wanda ya taɓa tambayata shi ne inda na koyi riƙe wuƙa.

A wurin mahaifina na koya. Ƙauyenmu yana cikin duwatsu kudu da Zariya, kuma Baba aladu yake kiwo a bayan gida. Da Kirsimeti, ko idan ana biki, tun hantsi bai yi ba za a ja ɗaya zuwa gindin mangwaro. Ƙartai su danne shi, yana ihun da ake ji har rafi, Baba ya soka wuƙa sau ɗaya a ƙasan wuya, shi ke nan. Ba a feɗe alade. Busasshiyar ciyawa ake tula masa a babbake shi, a kankare gashin har fatar ta yi fari, sannan a kwantar da shi kan ganyen ayaba a tsaga. Inna da ƙannenta su karɓi kitsen su narka a tukunya, maƙwabta su jeru da kwanoni. Baba ba ya barin dabba ta ga wuƙa, ba ya yanka wata a gaban wata. Shi ya kama hannuna ya nuna mini inda gaɓa take. Da na shiga Musulunci na ji malamai suna faɗar ladubban yanka, da yawansu na riga na san su daga gindin mangwaron nan.

Ina cikin shekarata ta uku a gidan aka kawo mana wani baƙo, magini, daga garin da muke cin kasuwa. Musulmi ne ɗan Musulmi, amma ya san gidanmu, don ta bayan danganmu suke wucewa zuwa gona. Na yi murna da ganinsa ƙwarai. Na ba shi katifa a ɗakinmu, na raka shi har wajen aikinsa don ya gane hanya.

Juma'ar watanda ta zo. Na gama fiɗa, ina tsugune ina kasa nama a kan leda, mutanen gida sun kewaye ni kowa da robarsa. Maginin yana tsaye yana kallo, baki buɗe. Wani direba ɗan Katsina, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya ce masa, "Ka ga Sarkin Fawarmu ko? Ko a Makka ba irinsa."

Maginin ya yi dariya ya ce, "Ai gado ne, Yaya. Babansa duk yankinmu ba wanda ya kai shi iya gyaran alade. Tun yana ɗan ƙarami yake riƙe masa ƙafa."

Yabo ya yi, na sani. Har yau ban riƙe shi a zuci ba.

Ɗan Katsinan ya dubi naman, ya dubi hannuna.

"Alade?" ya ce.

Na ce, "Ƙwarai. Sana'ar mahaifina ce."

"Kai ma ka yanka?"

"Na taya shi. Kafin in musulunta."

"Ka ci?"

Alhaji ya daka masa tsawa. "Kai, wace irin tambaya ce wannan? Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi. Yankansa halal ne, kamar nawa, kamar naka. Kowa ya ɗauki kashinsa."

Kowa ya ɗauka. Na ji sanyi a raina, na ce magana ta ƙare. Amma da na fito alwalar la'asar sai na tarar da ɗan Katsinan a bakin famfo da wuƙata a hannu. Ya ɗebo ƙasa a waje yana goge ta, yana ɗaurayewa, yana sake gogewa. Wuƙar da na saya a nan Riyad, wadda ba ta taɓa ganin komai ba sai tumaki. Da ya gan ni bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Don kore shakka ne kawai."

Da yamma aka yi miya a babbar tukunya kamar kullum. Wasu suka ce cikinsu ba daɗi, suka sayo gurasa da wake.

Ba wanda ya zage ni. Da zagin aka yi, da na san abin da zan ce. Wata na gaba Alhaji ya kira ni gefe, yana wasa da tef ɗin awo a wuyansa, ya ce hukuma ta tsananta, gara a riƙa kai dabbar mayanka. Aka kai sau ɗaya. Wata na biye sai ga Basudanen nan da gatarinsa a tsakar gidanmu, ƙofa a ture kamar da. Na je na sami Alhaji.

"Alhaji, ba kai ka ce yankana halal ne ba?"

"Halal ne, ɗana. Ko gobe zan faɗa."

"To me ya faru?"

Ya ce, "Zuciya ce. Ba a yi mata dole. Ka yi haƙuri, a zauna lafiya."

Ranar da Basudanen ya gama, ya tura tumbi da hanji gefe, don shi ba ya wanke kayan ciki. Aka rasa mai taɓawa. Sai wani ya ce, "Ina Sarkin Fawa? Ai shi ya iya." Wanke kashin da ke cikin hanji kam, hannuna bai haramta ba. Na wanke, don ban san yadda zan ƙi ba, amma ban ci ba. Daga Nasim ma aike ya ɗauke. Muna sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, muna dawowa gida in ga an ware mini kofi.

Ana cikin haka Baba ya rasu. Ƙanena ne ya bugo waya gidan kafilina daga Kaduna, bayan an riga an binne shi. Na roƙi kafilin ya bar ni in je, ya ce yara suna jarrabawa, sai hutu. Na dawo Gubaira na faɗa wa Alhaji.

A gidan nan, idan mahaifin wani ya rasu, tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a zauna kwana uku, a yi ta shigowa daga unguwanni. Ni ban nemi su roƙa masa gafara ba, na san abin da malamai suka ce. Zama kawai nake so a yi da ni. Suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, "Sai haƙuri," su wuce. Ɗan Katsinan ya ce, "Allah Ya sa ka gode da ni'imar da Ya yi maka, Ya fitar da kai." Ba a shimfiɗa tabarma ba.

Na kwanta ina tuna ranar da na fara komawa ƙauye da sabon suna da hula. Inna ta yi kuka. Baba kuwa ya hau keke ya tafi kasuwa, ya dawo da sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa da ɗan akuya. Ya miƙa mini igiyar ya ce, "Yanka da hannunka, yadda addininka ya ce, mu ci tare." Tukunyar nan a rataye take a ɗakin Inna, ba a dafa komai a ciki sai na zo. Duk zuwan da zan yi, kafin in iso ya sa an kora aladun can gona.

Ranar Juma'a na je kasuwa ni kaɗai na sayo bunsuru. Ban shawarci kowa ba. Na jawo shi tsakar gida, na rasa mai riƙe mini. Mutanen gida suna cikin ɗakuna, ina jin rediyonsu. Maginin ne ya fito, ya naɗe hannun riga, ya danne ƙafafun. Tun ranar da bakinsa ya kuɓuce ba ya iya haɗa ido da ni. Muna cikin fiɗa ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Wallahi Baba mutumin kirki ne. Ya taɓa ɗauko ni a keke daga gona da kunama ta harbe ni." A duk Riyad shi kaɗai ya faɗi wani abu a kan Baba.

Muka gasa hanta muka ci mu biyu. Sauran na kasa, na bi garejoji na raba wa 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash masu walda. Suka karɓa hannu biyu, ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni.

Kafin wata ya ƙare na kwashe kayana na koma ɗakin direba a gidan kafilina, wani ɗan akurki a jikin gareji. Alhaji ya ce, "Haba ɗana, me aka yi maka?" Na ce ba komai, nisa ne ya yi mini yawa.

Da Babbar Salla ta zo, ana zafi kamar a tanda, na dawo daga idi ke nan sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Ɗan Katsinan ne da wani tela. Muka gaisa, suka ce na ɓuya. Sannan suka faɗi abin da ya kawo su: raguna suna ɗaure a Gubaira, mayanka ta cika har titi, Basudanen kuma manyan gidaje sun ɗauke shi. Alhaji ya ce a zo a ɗauko ni.

"Shi Alhajin zai yanka," in ji ɗan Katsinan da sauri. "Kai fiɗa kawai za ka yi."

Na ce, "Ku gaishe shi. Ba zan zo ba."

"Ranar Salla fa, ɗan'uwa."

"Na sani."

Suka shiga mota suka tafi. Na koma ɗaki na kunna fanka. Can da azahar mai aikin gidan ta miƙo mini shinkafa da nama ta ƙofar baya, na ci ni kaɗai.

Maginin ya ba ni labari daga baya cewa da kansu suka yi, har la'asar suna fama, tumbi ya fashe musu a kan nama, suka wanke suka ci haka nan. Na yi tsammanin zan ji daɗi, ban ji ba. Na ƙara wasu shekaru a Riyad ina tuƙi, nakan haɗu da su a masallacin Juma'a mu gaisa, amma ban sake taka gidan Gubaira ba har na baro ƙasar.