Amshin Kawu Mode

Ku da kuka san Kawu Mode ba sai na gaya muku ba: in ya cire hula, an gama. Zai tsaya can bayan taro da laka har gwiwa, fitowarsa ke nan daga fadamar Wurno, ya karkata kai yana saurare kamar mutumin kirki. Sai ya zare hular nan tasa da ta ga duniya, ya cusa ta a hammata, ya toshe kunnen hagu da yatsa, ya yi gyaran murya. Wayyo gyaran muryar nan! Injin ban-ruwa da ya daɗe ba a tayar ba, shi kaɗai na ji yana irinta. Daga nan ko wane ne ke waƙa, ko da wane yare yake yin ta, Kawu ya zama ɗan amshinsa, ba gayyata ba sallama.

Da ma a ce yana shiga daidai, da da sauƙi. Ina! Kullum a makare yake. 'Yan amshi sun kai aya sun rufe baki, sannan muryar Kawu za ta iso ita kaɗai tana jan ƙafa. In ka yi masa magana ya ce, "Waƙad da ba amshi, kuka na!" Ka ce ai ga 'yan amshi can su huɗu, Kawu, sana'arsu ke nan. Ya ce, "Huɗu? Mutane cike da hili suna kallo kamat tumaki, kac ce huɗu?"

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ne kuma Allah ya jarraba da zama mawaƙi. Shekara talatin burina guda ne a duniya: in yi wasa ɗaya tak, daga farko har ƙarshe, ban ji muryar Kawu a ciki ba.

Tun kafin in fara waƙa ya yi suna. Akwai wani biki a Rabah da aka gayyato makaɗin kalangu, jama'a na ta fitowa suna liƙa masa kuɗi a goshi. Kawu kuwa, kun sani, hannunsa bai san hanyar aljihun kuɗi ba. Bayan ya gama dagula wa mutumin waƙa uku, sai ya ratsa fili da ƙasaita, ya ciro wata ƙatuwar albasa, ya danna masa a goshi. Albasa ta faɗo ta gangara. Ya bi ta ya ɗauko, ya goge da riga, ya sake dannawa. Ta sake faɗowa. A karo na uku ya dube ta, ya dubi makaɗin, ya girgiza kai.

"Ta ƙi ka. Ba rabonka ta ba."

Ya mayar da abarsa aljihu. Makaɗin ya dakatar da kiɗa ya ce, "Haba Malam! Ka ƙwace man amshi, ka kuma maida albasa?"

Kawu ya ce, "Amshin da niy yi ma ya hi buhu guda. Yi godiya."

Amma babbar ranarsa ita ce lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo. Masu aikin suka kawo wasu makaɗa daga kudu don su nishaɗantar da lebura, mu ma samarin Wurno muka cika bayan mota muka tafi kallo. Bayan tirela aka mayar dandamali. Ga jita mai amfani da wuta, ga ganguna jere, ga lasifika mai tsawon mutum. Mawaƙin wani siriri ne mai gashi buzu-buzu, da wando kamar a jikinsa aka ɗinka shi. Da aka buga jitar farko, tsuntsayen bakin ruwa duka suka tashi.

Can waƙa ta yi zafi, sai mawaƙin ya yi ihu, ya juyo da makirufo wajenmu, ya kama kunne yana jira. Muka dube shi, ya dube mu. Mu a nan mai kallo kallo yake yi, amshi aikin 'yan amshi ne, ɗan mutunci ba ya buɗe baki a gaban makaɗi. Ya sake ihu, ya sake miƙo makirufo. Shiru kake ji. Sai na ji an taɓa ni a kafaɗa.

"Ummaru, wanga yaro 'yan amshinai sun gudu sun bar shi. Dubi yadda shika roƙo. Ɗan mutane, cikin baƙunci!"

Na juya, na ga hula ta riga ta shiga hammata. Na ce, "Kawu, don Allah, ko yaren ba ka ji."

"Mi ya haɗa amshi da yare?"

Duk abin da mawaƙin ya faɗa, Kawu ya bi shi da "Gaskiya na! Haka na, ɗan nan!" a makare kamar kullum. Mawaƙin ya samu abin da yake nema, ya haukace da murna, yana nuna Kawu yana tsalle. Murna ta kai shi bakin tirela, ya ware hannuwa, ya yi sufa kamar mai faɗawa kogi, ya faɗo cikinmu. Daga baya ne muka ji wai a wurinsu haka ake yi, jama'a su cafe mawaƙi su riƙa miƙa shi a sama. Wa ya gaya mana? Mu dai mun ga baƙo na tahowa, muka dare muka ba shi hanya.

Kawu kaɗai ne bai motsa ba, don idonsa a rufe yake yana jan amshi. A kansa mutumin ya sauka, su biyu suka yi ƙasa. Kafin wani ya yi wani abu, Kawu ya haye shi ya danne, yana tofa masa addu'a a fuska, yana kururuwa: "Iska sun buge shi! Ku riƙe ƙahwahunai!" Ya ciro albasa, wataƙila ma ta Rabah ce, ya fasa ta da haƙori ya cusa masa a hanci. Mutum na ta wutsil-wutsil yana magana da yarensu, Kawu na cewa, "Kun ji ko? Su na ka magana." Da ƙyar abokansa suka ƙwace shi. Kafaɗar Kawu ta goce, sai da maɗori ya gyara ta, amma har ya rasu yana ba da labarin yadda ya ceci ran baƙo.

Ni kuwa a ranar jita ta shiga raina. Na koya wurin wani bakanike, na tara abokai uku, muka fara yawon wasa a bukukuwa. Mahaifina, wanda ya gaji malanta kaka da kakanni, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Kawu ne ya je ya lallashe shi. Na yi zaton don Allah ya yi. Ashe mawaƙi ya samu a gida, wanda ba shi da ikon korarsa.

Duk inda muka kafa lasifika, yana nan. Kuma bai tsaya ga nasa amshin ba, sai ya juya mini baya ya fuskanci jama'a yana kama suna: "Kai Ɗanjuma, an ɗunke ma baki? Kai mai shayi, aje butag ga ka amsa!" Sai ya raba fili biyu, na dama su amsa, na hagu su tafa. Ni mai waƙar ina tsaye a baya riƙe da jita, ina jira a ba ni dama.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta ranar da muka yi wasa a kasuwar garin Maikujera. Na shirya wata waƙa mai sanyi, ta mutum ɗaya, ba gurbin amshi a cikinta ko kaɗan, da gangan na yi ta haka. Waƙar wata yarinya ce da nake so, ban kuwa kama suna ba, don ko iyayena ban gaya wa ba. Na rufe ido na ja baitin farko. Sai na ji injin ban-ruwa ya tashi.

"Hajo ta! Hajo ɗiyam mai ɗunkin hula!"

Jama'ar da ya horar suka ɗauka gaba ɗaya: "Hajo ta!" Mai ɗinkin hular kuwa yana zaune a rumfarsa a bakin filin, da allura a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari aike ya iso gidanmu, wai in da gaske nake a turo manya, in kuma wasa ne a daina tallar 'yarsa a kasuwa. Na je wa Kawu ina huci.

Ya ce, "Shekara biyu kana kewaye-kewaye. Na gama ma aiki cikin la'asar guda, kuma kaz zo kana man hushi?"

Hajo tana ɗaki yanzu haka, jikokinmu biyar. Amma wannan ba hujja ba ce, kuma na gaya masa.

Sai ga damar da nake jira. Wani mai buga kaset daga birnin Sakkwato ya ce zai zo Goronyo ran Asabar ya ɗauki wasanmu a gaban jama'a. In ya yi kyau, kaset ya shiga kasuwa, in bai yi ba, ya naɗe wayarsa ya tafi, ba kuma zai dawo ba. Na rantse wannan karon ba Kawu. Na san ƙarya ba ta tsare shi, ciwo ma ba ya tsare shi. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: ruwan albasa. A fadamarmu kowane layin gonaki da ranarsa, mai rabon ruwa ya buɗe maka ƙofa, in ka kuskure sai wani mako. Kawu kuwa bai daɗe da yin dashe ba, albasar ba za ta jure mako ba ruwa ba. Na lallaɓa wurin mai rabon ruwa, abokina ne, na roƙe shi ya mayar da ranar layin su Kawu Asabar da la'asar. Na dawo gida ina jin kaina gwani.

Asabar ta zo. Fili ya cika, masunta da 'yan kasuwa da manoma, yawancinsu ba su san mu ba. Mai kaset ya kafa na'urarsa. Na leƙa ko'ina, ba hula ba laka. Na yi hamdala, na buga jita. Waƙar farko ta tafi sumul, ba wanda ya katse ni, ba wanda ya kama sunan kowa. Na kai inda jama'a ke ɗauka, na miƙa musu makirufo.

Shiru.

Na sake ja, na sake miƙawa. Mutane suka zuba mini ido kamar yadda muka zuba wa siririn nan ido a wannan garin. Wani yana ɓare gyaɗa. Sai a lokacin na gane cewa duk amshin da nake samu a Wurno da Rabah ba farin jinina ba ne, tsoron Kawu ne. Na ci gaba da buga jita ni kaɗai. Na ga mai kaset ya dubi agogo, ya kai hannu zai kashe na'ura.

Sai na ji gyaran murya daga can baya.

Ga shi nan yana sauka daga bayan motar kifi, da laka har gwiwa, hula a hammata. "Gaskiya na, ɗan ƙanwata!" Ya ratsa fili yana zazzare ido: "Ku mutanen Goronyo, ruwan dam ya cinye maku halshe? Kai mai gujiya, tohe ta ka amsa!" Kafin baiti biyu fili ya ɗauka, har masunta na buga ƙorai. Mai kaset ya janye hannunsa.

Kaset ya fito, ya kuma karɓu. Amma ku da kuka saurare shi kun san muryar wa ta fi fitowa. Hotona ne a jiki, sunana ne a rubuce, duk da haka a kasuwa cewa ake yi, "A ba ni kaset ɗin Mode." Ku gaya mini, wane irin alhaki ne wannan?

Albasar kuwa ta ƙone ƙurmus, noman ranin shekarar ya tafi. Na je gonar na same shi yana tuge matattun dashe. Bai ɗago ba ya ce, "Na san kai kac canza man rana."

Na ce, "To Kawu, mi ya sa kat taho?"

"Albasa ana sake dasa ta baɗi. Amma ɗan ƙanwata shi miƙa hannu cikin baƙin gari a bar shi tsaye, ina da rai? Riƙe kwandon ga, ka bar tsayuwa kamar gunki."

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, Allah ya karɓi abinsa. Na daɗe ban taɓa jita ba. Da na koma, a Wurno ne, bikin jikar maƙwabcinsa. Ga burina na shekara talatin ya cika, wasa ba Kawu, kuma wallahi ban taɓa ƙin wani abu kamar yadda na ƙi shi ba. Na kai gurbin amshi, na miƙa makirufo, kunnena na jiran gyaran muryar da ba za ta zo ba. Sai na ga mai shayi, ya tsufa yanzu, ya cire hularsa ya sa a hammata. Ɗanjuma ya cire tasa. Ɗaya bayan ɗaya fili ya zama ba hula. Suka bari lokacin shiga ya wuce, da gangan, sannan suka ɗauka gaba ɗaya a makare. Ban iya jan baiti na gaba ba, su suka ƙarasa waƙar.

Allah ya jiƙan Kawu Mode, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya Ubangiji, bawanka ne da bai taɓa barin wani ya yi kira shi kaɗai ba, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ku kuma da kuka kai nan, kun san abin da zai ce muku in kuka yi shiru. Ku amsa da amin, ko da a makare ne.