Sakainun Kaka Ari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar na bana, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran kakana Malam Ari mai lofe, a gidansa da ke Birni, cikin Damagaram.

Tsoho, na saba in tsokane ka ka biyo ni da sanda. Yau na zo da ƙara, kuma ba wasa a ciki.

Duk mai shan taba daga Tirmini har Hamdara ya san lofenka, amma kaɗan ne suka san daga ina siffarsa take fitowa. Daga sakaina ne. In ka ji labarin wani dattijo mai tsohon lofe mai kyau, ko a Zermu yake sai ka je. Ka ɗora lofen bisa fasasshiyar ƙwarya, ka zagaye shi da gawayi, ka yanke. Ranar aiki ka ɗora sakainar kan itacen ƙirya, ka zana, sannan gizago ya bi zanen. Kowace da sunanta: Wuyan Raƙumi, Gajeriyar Zermu, da wadda ka gada wurin mahaifinka. Makaho Suma'ila da lofensa ya karye, shafa su ya yi ɗaya bayan ɗaya har ya gane tasa, ka sassaƙa masa sabo, ka ce addu'a kawai kake so.

Ranar sadakar uku an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, wutar gumba da tuwo ta ƙi kamawa. Baffa Hamisu, ɗanka na cikinka, ya shiga ɗakinka ya sunkuto buhun sakainun ya zube wa mata a murhu. Da na iso sai hayaƙi. Na ce, "Baffa, ka san abin da ka ƙona?" Ya ce, "Tarkacen taba ne. Gara wuta ta ci su nan da ta ci shi can." A gaban baƙi ya faɗa!

Ban ce taba abin yabo ba ce. Kai kanka ka hana ni ko sunsuna ta. Amma da wannan tarkacen aka ciyar da Baffa har ya buɗe butik, shagon nan da yake taƙama da shi. Wajen zaman makoki ya yi ta ce wa mutane kai masassaƙin muciya ne. Muciya! Rabin masu gyaɗa kai kuwa lofenka na cikin aljihunsu. Kuma wa ya ba shi labarin makomarka? Wannan na Ubangiji ne shi kaɗai.

Unguwa duka ta san wasanmu: duk Juma'a in sace sakaina ɗaya, kai kuma ka fanshe ta da goro kana zagina ɓarawon gida. Juma'ar ƙarshe Wuyan Raƙumi na ɗauka. Daga kan tabarmar jinya ka ce, "Riƙe ta, ja'iri, sai na tashi." Ita kaɗai ta tsira. Jiya na ɗora ta kan ƙirya na zana. Hannuna ya karkace, amma layinka ne.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa kakata Hajara ta'aziyya, da gwaggo Binta, da dukan dangi, har da Baffa Hamisu, Allah ya huce mini zuciya a kansa. Goron fansar nan kuwa, tsoho, na yafe maka.