Teta Milunka Mai Gadin Ƙofar Ɗakin Maza

Kafin a kawo shayin safe, Teta Milunka ta gama goge ɗakin maza a asibitin garinmu. Ta ba furanninta na bakin taga ruwa, ta canja zannuwan gado, tana yi tana tsokanar masu munshari. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki, ni kuwa bakina ba zai yi shiru ba!

Bazarar bara na kwanta a ɗakin nan, da idona na gani. Zafi kamar gidan burodi, ga warin magani, amma ba mai taɓa taga. Kun san mu da tsoron promaja, iskar nan mai ratsawa tsakanin ƙofa da taga. Deda Radoje, wani tsoho mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, ya rantse ita ta kashe wansa. Rannan Vukašin, maƙwabcin gadonsa mai ciwon huhu, ya kasa numfashi, ya buɗe tagar. Sai tsoho ya hau tattara kayansa.

"Gida za ni! Gara in mutu a gadona."

Alhali likita ya gaya masa in ya bar jinya, ƙafar sai yankewa.

Teta Milunka ta tare shi da tsintsiya a hannu. "Haba Deda! Kai da kake cika mana baki ka kayar da bijimi, iska ce za ta kore ka? Koma ka zauna."

Ta zaro hular ulu ta ɗosa masa, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a ƙarƙashinta.

"Promaja sai ta sami hanya biyu. Taga ce kawai a buɗe, ƙofar kuwa ni ce a bakinta."

Tsoho ya koma gado yana gunaguni. Haka ta riƙa yi safe da yamma, tana tsaye a waje tana tare masu shiga, har ɗaki ya sha iska.

Ke ce ba ki yi wa tsoronmu dariya ba, Teta, ba ki kuma bar mu cikin wari ba. Mun gode! Masu gadon tsintsiyarki su gaji har tsayuwar bakin ƙofa.

Jiya na haɗu da Deda Radoje a kasuwa, hular tana kansa. Ya ce ranar Juma'a, a bikin sallamar Teta, shi zai buɗe kolo, rawarmu ta gargajiya, sannan ya buga mini ƙafafunsa a ƙasa, duka biyun.